Fasaha Ta Cika Titi, Ta Tsaya a Ƙofar Makaranta

Duk wanda ya ratsa Sabon Layi a garin Mubi da hantsi ba zai ce zamani ya bar wannan unguwa a baya ba. Ga mai POS a ƙarƙashin lema yana cire wa mutane kuɗi. Ga mai cajin waya ya jera wayoyin jama'a a kan katako, kowace da lambarta. Ga saurayi mai gyara ya kwance wata Tecno yana bin cikinta a hankali kamar wanzami. Dillalin da ya taso daga kasuwar shanu yana ɗaukar hoton bijimi ya tura wa mai saye a Kudu, a yi ciniki, kuɗi ya shigo tun kafin a loda tirela. Tsohuwar da ba ta taɓa zama a aji ba ta san inda za ta danna ta aika wa ɗanta saƙon murya. Babu wanda ya shirya wa waɗannan mutane taron bita, bukata ce ta koya musu.

To, bi yaran unguwar nan zuwa makarantar gwamnati, ka leƙa aji lokacin darasin kwamfuta. Abin da aka fi gani shi ne malam riƙe da alli, ya zana akwati a allo, ya ja kibiya ya rubuta sunansa da Turanci, yara su maimaita a bayansa, su kwafa a littafi. Ranar jarrabawa a ce su lissafo sassan kwamfuta biyar, su lissafo, su ci maki. Yaro zai iya gama ƙaramar sakandare da sakamako mai kyau a wannan darasi alhali yatsansa bai taɓa sauka a kan madannai ba. Me ya sa fasahar da ta cika titi take tsayawa a ƙofar makaranta?

Da maganar ado ce, da sai a ƙyale ta. Hukumar JAMB ta fara gwada jarrabawa a kwamfuta a 2013, daga 2015 kuma ta daina amfani da takarda da fensir gaba ɗaya. Tun daga lokacin, duk ɗan Mubi da ke son shiga Jami'ar Jihar Adamawa ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, waɗanda duk a garinsu suke, sai ya zauna gaban na'ura. A tsarin yanzu tambayoyi 180 ne cikin awa biyu. Yaron da ranar ce haɗuwarsa ta farko da linzamin kwamfuta, mintunan da ɗan'uwansa ke amsa tambaya shi yana kashe su ne wajen neman inda kibiya ta shige, hannu na rawa, agogo na tafiya a saman allo. Ba Kimiyya ko Lissafi ne ya kayar da shi ba. WAEC ma ta bi sahu a farkon 2024 da ɗalibai masu zaman kansu, sannan a 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya ce WAEC da NECO za su koma kwamfuta gaba ɗaya a 2026. A watan Nuwamba na 2025 Majalisar Wakilai ta nemi a dakata zuwa 2030, saboda makarantun karkara ba su da wuta, ba su da na'urori, ba su da malaman da suka ƙware. Ko a inda ake ganin an shirya, abin yakan kwaɓe: a watan Mayun 2025 shugaban JAMB, Farfesa Is-haq Oloyede, ya fito yana hawaye ya amsa cewa tangarɗar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da Kudu maso Gabas. Gaskiyar lamarin ita ce jarrabawa ta riga koyarwa hawa kwamfuta, kuma Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Kada a ɗauka babu tsari a rubuce. Tun 1988 Nijeriya ta fitar da manufar koyar da kwamfuta a makarantu. Hukumar tsara manhaja ta NERDC ta sa darasin a cikin manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara a 2007. Hukumar sadarwa ta NCC da asusunta na USPF da hukumar NITDA sun shafe shekaru suna kai wa makarantu kwamfutoci a faɗin ƙasa, 'yan majalisa na sa su cikin ayyukan mazaɓu, ƙungiyoyin agaji na kawowa. A ganina babbar matsalar tana nan: mun iya sayen na'ura, ba mu iya riƙe ta ba. Sayen na'ura kwangila ce, tana da ranar buɗewa, da yanka kirtani, da hoto a jarida. Man janareto, da kuɗin data, da ladan mai gyara, da canjin batir bayan 'yan shekaru, waɗannan ba su da ranar biki, don haka ba su da mai su. Mai POS na Sabon Layi idan na'urarsa ta tsaya da safe, kafin azahar ya gyara ta, domin tuwon gidansa a kanta yake. Kwamfutar makaranta idan ta tsaya, sai a rubuta takarda zuwa ofis, a jira.

Mu fara da wuta, don ita ce uwa. Kamfanin rarraba wuta na Yola shi ke kula da Adamawa da Taraba da Borno da Yobe, kuma duk mazaunin Mubi ya san ba a ɗaura alkawari da wutar NEPA. Gida zai iya haƙuri, in an kawo da tsakar dare a tashi a yi guga, a cika batir. Makaranta ba ta da wannan damar. Darasi yana da lokacinsa a jadawali, minti talatin da biyar ko arba'in, tsakanin takwas na safe da biyu na rana. Idan wutar ba ta zo a wannan taƙin ba, daidai take da wadda ba ta zo ba sam. Da can janareto ake dogara da shi. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta kai dubu a wurare da yawa. Wa zai sayi wannan mai? Gwamna Ahmadu Umaru Fintiri ya mai da ilimi kyauta a makarantun gwamnatin jiha, gwamnati ta ɗauki nauyin kuɗin WAEC da NECO, kuma wannan alheri ne da talakan Adamawa ya gani a aljihunsa. Sai dai idan aka ɗauke wa iyaye nauyi, dole wani ya ɗauka a madadinsu, a kuma kan lokaci. Shugaban makarantar da ɗan abin da ke hannunsa bai ishe shi alli da rajista da gyaran benci ba, ba zai zuba shi a tankin janareto ba, kuma ba na ganin laifinsa.

Sola ita ce amsar da kowa ke bayarwa, kuma amsa ce ta gaskiya, domin rana dai Allah ya hore mana. Amma a faɗi sauran zancen. Farantin sola yana daɗewa, batir ne ke mutuwa, musamman irin na da mai ruwa, wanda zafi da yawan zuƙewa ke kashewa cikin 'yan shekaru. Ƙurar hunturu tana rufe faranti ta rage masa ƙarfi in ba a gogewa, tana kuma shiga cikin kwamfutar tebur ta toshe fanka, zafin Maris da Afrilu ya ƙarasa sauran. Ga ɓarayi: makarantar da ba ta da katanga, mai gadinta tsoho ɗaya ne da tocila, faranti da batir da inbata a cikinta kamar an ajiye nama a bakin ramin kura ne. Akwai kuma kuskuren zaɓi. Wutar da kwamfutar tebur ɗaya ke sha za ta ishi kwamfutocin hannu goma, amma har yanzu idan aka ce "ɗakin kwamfuta", manyan na tebur ne ke zuwa zuciyar mai ba da kwangila, don su ke cika ido.

Mubi tana da wani nauyi da Kano ko Katsina ba su ɗauki irinsa ba. A farkon Oktoban 2012 'yan bindiga suka shiga Wuro Patuji da dare suka kashe mutane da dama, da yawansu ɗaliban manyan makarantun garin. A 2013, bayan dokar ta-ɓaci da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa a Adamawa da Borno da Yobe, an katse layukan waya na tsawon makonni. Ranar 29 ga Oktoba, 2014, Boko Haram ta kama garin ta sauya masa suna, jama'a suka watse, wasu suka bi duwatsu zuwa Kamaru, wasu suka nufi Yola a ƙafa, sai a tsakiyar Nuwamba sojoji da maharba da 'yan banga suka ƙwato shi. Bam ya tashi a masallaci a Unguwar Shuwa a Nuwamban 2017, wasu suka sake tashi ranar 1 ga Mayu, 2018. A daidai shekarun da JAMB ke komawa kwamfuta, makarantun wannan yanki suna neman rufi da ƙofa da benci ne, suna neman malaman da suka gudu su dawo, suna karɓar yaran da aka koro daga Michika da Madagali. Mubi ta farfaɗo, kasuwa ta cika, amma yaran da suka rasa shekara ɗaya ko biyu na farkon karatu sun tafi da wannan giɓi har sakandare. Duk mai kwatanta makarantun nan da na Legas ba tare da ya sa wannan a lissafi ba, bai yi adalci ba.

Yanzu mu zo kan abin da ya fi ci mini rai, wato kwamfutar da ke nan amma take kulle. Wanda ya saba shiga makarantun gwamnati a Arewa ya san wannan ɗaki: ƙofar ƙarfe, kwaɗo biyu, a ciki na'urori lulluɓe da leda ko ma a kwalinsu, makulli a aljihun shugaban makaranta, ba a buɗewa sai baƙi sun zo daga ma'aikata. Da sauƙi a ce mugunta ce ko rowa. Ni ban yarda ba. Tsoro ne, kuma tsoro mai dalili. Ranar da aka kawo kayan, shugaban makaranta ya sa hannu cewa ya karɓi kaza. Idan masu binciken kaya suka zo, abin da za su ƙirga shi ne ko kaza ɗin nan suna nan. Babu mai tambayarsa yara nawa suka taɓa su a zangon nan, ko awa nawa suka yi a kunne. Idan ɗaya ta lalace a hannun yaro ko ta ɓace, shi zai amsa tambaya, wataƙila a albashinsa. Idan duka suka ruɓe a sito ba a taɓa kunna su ba, lissafinsa ya cika. Mutum mai hankali da aka ɗora a kan wannan ma'auni, kulle ɗakin zai yi. Kuma na'ura ba hatsi ba ce da za a zuba a rumbu, batirinta na mutuwa a ajiye, manhajarta na tsufa, bayan shekara biyar ko an buɗe ta ba ta da sauran amfani. Wannan shinge ba ya bukatar ko kwabo kafin a rushe shi. Takarda ɗaya ce daga ma'aikatar ilimi da za ta ce lalacewa a wurin aiki ba laifi ba ce, abin tuhuma shi ne na'urar da ba a amfani da ita.

Sai malami. A nan ne aka fi yin rashin adalci a magana, ana cewa malamanmu ba sa son canji. Malamin da ke tura kuɗi ta waya, yana cikin zauren WhatsApp na makarantarsu da na 'yan ajinsu na Kwalejin Ilimi ta Hong, wanda in sabon shiga ne ma a kwamfuta ya rubuta jarrabawar hukumar rajistar malamai ta TRCN, ba za a ce yana gudun fasaha ba. Abin da ba a koya masa ba shi ne yadda zai koyar da ita. Koyar da kwamfuta daban, koyarwa da kwamfuta daban. Na farko darasi ɗaya ne na malami ɗaya. Na biyu shi ne malamar Kimiyya ta nuna wa aji bidiyon minti biyu na yadda zuciya ke harba jini, ta tsayar, ta yi tambaya, ta sake kunnawa. Shi ne malamin Labarin Ƙasa ya nuna musu kogin Yedzeram da duwatsun Mandara daga sama, su gane cewa taswira hoton ƙasarsu ce ba zanen littafi ba. Shi ne malamin Turanci ya sa su ji yadda ake furta kalma. Wannan ba a koyonsa a bitar kwana uku a Yola, inda ake taruwa a zaure, a kalli majigi, a karɓi alawus da takardar shaida, a dawo makarantar da babu soket mai aiki. Abin da hannu bai maimaita ba cikin mako biyu ya tafi.

Akwai kuma abin da ba a faɗa a taro, wato kunya. Malami a wurinmu babba ne, girmansa a gaban aji shi ne jarinsa. Dattijon da ya shekara ashirin da biyar yana koyarwa ba zai so ya tsaya gaban yara yana lalube, wani ɗan shekara goma sha uku ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ba nan ake dannawa ba." Wanda bai san wannan ba zai yi ta mamakin me ya sa aka ba da horo amma ba a ga canji ba. Maganinsa shi ne malami ya sami na'urar a hannunsa tukuna, ya tafi da ita gida, ya yi kuskurensa shi kaɗai ko tare da abokin aikinsa, kafin ya fito gaban aji. Sannan a tuna da aljihunsa. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun Yulin 2024, a Janairun 2025 kuma NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Malamin da ke sauko da bidiyon darasi da datarsa, sadaka yake yi daga abincin 'ya'yansa. Akwai masu yi, Allah ya saka musu, amma ba a gina tsarin ilimin jiha a kan sadakar malami.

Cunkoso ma shinge ne. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce yara 35 ga malami ɗaya a firamare, 40 a babbar sakandare, kuma duk wanda ya leƙa ajin gwamnati a cikin gari ya san an wuce nan. Idan yara biyar suka taru a kan na'ura ɗaya na minti arba'in, mai ƙarfin hali ne zai riƙe linzami, sauran 'yan kallo ne, kuma galibi yarinya ce ke komawa baya.

Ƙarƙashin duk waɗannan akwai wani abu da na'ura ba ta iya tsallakewa: yaron da bai iya karatu ba, kwamfuta ba ta da abin da za ta gaya masa sai hoto. A nan harshe ya shigo. Mubi gari ne na harsuna da yawa. Yaro zai tashi da Gude ko Fali ko Fulatanci ko Margi ko Kamwe a gida, ya yi wasa da Hausa a layi, ya shiga aji a tarbe shi da Turanci, ya buɗe na'ura ya tarar komai da Turanci, wani lokaci da muryar Ba'amurke da misalan dusar ƙanƙara. Gwamnatin tarayya ta amince a 2022 a koyar da yaran firamare da harshen uwa, a Nuwamban 2025 kuma ta soke wannan manufa ta koma Turanci. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan wannan, mai son shirya darussan na'ura da harshen gida ba zai zuba ƙarfinsa ba idan bai san inda manufa za ta kwana gobe ba. Dandalin Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka buɗe a Maris 2022 yana da darussa da Hausa, kyauta, kuma wannan ci gaba ne. Amma malamai nawa aka zaunar aka nuna musu shi a wayarsu? Ko haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, babu su a madannan da ake kawo mana sai an yi dabara.

Ita kuwa wayar hannu, na'urar da ta riga ta shiga kusan kowane gida, yawancin makarantu sun hana ɗalibai zuwa da ita, kuma ina tare da su. Satar amsa gaskiya ce, TikTok gaskiya ne, cacar ƙwallo ta waya da damfarar intanet da ke cinye samari gaskiya ne. Uban da ya ƙi saya wa 'yarsa waya yana da abin da yake gudu. Sai dai sakamakon shi ne ɗa namiji yana koyo a titi, a shagon gyara, a wayar abokinsa, 'ya mace kuwa idan makaranta ba ta koya mata ba, da wuya ta sami wani wuri. Shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda Adamawa ta shiga a rukuni na biyu, ya sa koyar da 'yan mata fasahar zamani cikin ayyukansa, kuma a kan wannan ya kamata a auna shi. Lokacin korona, da aka rufe makarantu a Maris 2020 aka ce a koma karatu ta intanet, an ga bambancin ƙarara: gidan da ke da waya babba ɗaya, tana aljihun maigida ne, shi kuma yana kasuwa.

Ba mu kaɗai muka yi wannan tuntuɓe ba. A 2007 aka kawo shirin nan na kwamfuta ɗaya ga kowane yaro makarantar firamare ta Galadima a Abuja, duniya ta zo ta ɗauki hoto, shirin bai yaɗu ba. Ƙasar Peru ta sayi irin waɗannan na'urori ɗaruruwan dubbai, binciken da Bankin Raya Ƙasashen Amurka ya fitar a 2012 a kan makarantu fiye da 300 ya nuna yaran sun iya sarrafa na'urar, amma Lissafinsu da karatunsu ba su ƙaru ba. Jihar Osun ta ƙaddamar da Opon Imo a 2013 a zamanin Gwamna Rauf Aregbesola, da niyyar raba kwamfutocin hannu 150,000 ɗauke da littattafai, bai ɗore ba. Kenya ta yi wa 'yan aji ɗaya irin wannan alkawari a 2013, ta yi ta fama da wuta da horon malamai. Rahoton ilimi na UNESCO na 2023 ya tattara irin waɗannan ya nuna cewa raba na'ura ba tare da malami a tsakiya ba bai cika ƙara ilimi ba. Edo kuwa, a shirin EdoBEST na 2018, malami aka ba kwamfutar hannu ɗauke da darasin kowace rana, ba yaro ba. Ana sukar shirin da cewa yana mai da malami mai karanta abin da wani ya rubuta, kuma sukar tana da tushe, amma aƙalla ya gane ta inda ake shiga aji.

Misalin da ya fi kusa da mu a Adamawa aka yi shi. A 2015 da 2016, ana tsakiyar gudun hijira, Jami'ar Amurka ta Nijeriya da ke Yola, da tallafin hukumar USAID, ta gudanar da shirin TELA don yara kimanin 22,000. Ginshiƙinsa rediyo ne: darussan karatu da ƙidaya cikin wasan kwaikwayo da waƙa, yara su taru a unguwa da mai kula da su daga cikin jama'a, kowa da littafin aikinsa, a kan kuma kawo kwamfutocin hannu lokaci-lokaci. An zaɓi na'urar da batir biyu ke tayarwa, wadda kowane gida ya saba da ita, aka kuma sa mutum kusa da yaro. Har yau ban ga dalilin da zai sa a raina wannan hanya ba don kawai ba ta da ƙyalli.

Da za a tambaye ni ta ina za a fara a unguwa irin Sabon Layi, ba zan ce a gina sabon ɗakin kwamfuta ba. Zan ce a fara da malami da wayar da ke hannunsa: ƙaramar sola da za ta riƙe caji, majigi ƙarami ko talabijin ɗaya da za a riƙa zagayawa da shi aji-aji, da darussan da aka riga aka sauko da su a katin waya, waɗanda ba sa bukatar sabis. Intanet sau ɗaya a wata ya isa a sabunta su. Duk wanda zai ba makaranta na'ura, gwamnati ce ko ɗan majalisa ko ƙungiya, a sa masa sharaɗi ya haɗa da kuɗin riƙe ta na shekara uku, ko da hakan zai sa ya kawo goma maimakon ashirin. Gyara kuma kada a jira ɗan kwangilar Abuja da ya riga ya karɓi kuɗinsa. Masu gyaran waya da kwamfuta suna nan cikin gari, a yi yarjejeniya da su, zango-zango.

Abin da ya fi ba ni takaici kuma ya fi ba ni fata shi ne Mubi ba ta rasa masu sani ba. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya tana garin tun farkon shekarun 1980, Jami'ar Jiha tun 2002, dukansu suna yaye ɗaliban kwamfuta kowace shekara, kuma waɗannan ɗalibai dole ne su yi watannin koyon aiki kafin su gama. Da yawansu suna haya a unguwannin da waɗannan makarantu suke. Babu abin da zai hana sakataren ilimi na Mubi ta Arewa da shugabannin makarantu da kwamitocin iyaye su zauna da hukumomin manyan makarantun nan biyu, a tura ɗalibi biyu kowace makaranta, aikinsu su buɗe ɗakin da aka kulle, su tayar da abin da zai tashi, su zauna kusa da malami ba a gabansa ba. Sannan a fara da 'yan ajin ƙarshe. JAMB takan yi rajista a farkon shekara, jarrabawa ta biyo baya wajen Afrilu. A tsakanin nan, masu hali suna biyan shagunan intanet 'ya'yansu su yi gwaji. Makarantar da ke da kwamfuta goma masu aiki da wutar awa biyu bayan an tashi, za ta iya ba kowane ɗan ajin ƙarshe zama da yawa kafin ranar, rukuni-rukuni, a ware wa 'yan mata ranakunsu da malama a tare da su, a tashe su kafin la'asar sakaliya don iyaye su yarda.